Vando Kan Dutse

Recife, Maris 1984

Yaya Jandira,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Baba da mijinki da yara. Yaya bayan Baba? An samu ruwa kuwa, ko har yanzu awaki na cin ƙaya? Ni lafiya lau, sai kewar wakenki, don na nan kamar tsakuwa aka dafa.

Sun ɗauke ni, Yaya! Ƙanenki yanzu ɗan wasan kulob ɗin ƙwallo na Estrela do Cais ne. A ƙarƙashin benen 'yan kallo muke kwana, mu da ɓeraye, amma ban damu ba. Ranar farko koci Arlindo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan ƙauye, ina kake bugawa?" Na ce gaba. Ya kwashe da dariya ya ce, "Da waɗannan ƙafafun na jaki? Koma baya. Allah ya ba ka tsawo da goshi, da su za ka ci abinci." Tun ranar, in kowa ya tafi wanka ni yake tsayarwa. Ya jiƙa ƙwallo a bokiti har ta yi nauyin kabewa, ya rataye ta da igiya, in yi ta tsalle ina dukanta da ka har sai na ga taurari da rana tsaka.

Lahadin nan na buga wasana na farko. Duk ƙwallon da aka ɗago sama ni na kore ta. Can wani mai sayar da gyaɗa ya ƙwala ihu, "Wannan yaron kan dutse ne da shi!" Kafin a tashi filin gaba ɗaya ya ɗauka. Yanzu ba mai ce min Gilvandro, ba mai ce min Vando, sai Kan Dutse.

Ki ce wa Baba ya riƙa kama tashar rediyon Recife ranar Lahadi, zai ji sunan ɗansa.

Autanku,
Vando

Lagoa do Meio, Satumba 1986

Vando,

Muna lafiya, Baba ma da sauƙi. Ruwa ya sauka a makare amma masara ta yi. Yara na gaishe ka. Takardarka ta ƙarshe tun kafin bikin São João na watan Yuni ce, ko hannun ma ka fara bugun ƙwallo da shi ne?

Ba wannan ya sa na ajiye keken ɗinki na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi duk layinmu yana ƙofar gida, Baba a kujerarsa da rediyo a cinya. Sai mai sharhi ya ce kun yi karo da golan can, Kan Dutse ya faɗi bai motsa ba. Ya sake faɗa, bai motsa ba. Vando, ba wanda ya yi tari a wajen nan. Da aka ce ka tashi, kuma ka ƙi fita, mutane suka ɓarke da ihu, Baba ya miƙe tsaye yana cewa, "Kun gani ko? Jinina ne! Mu ba a kwantar da mu!" Ni kuwa na tashi na shige cikin gida.

Ɗan maƙwabciyarmu Zefa, mai tuƙa babbar mota, yana filin. Ya ce wani abu suka shaƙa maka a hanci, suka sheƙa maka ruwa, suka tura ka ciki kana tangaɗi. Gaskiya ne? Na tambayi Baba ko ba zai ja maka kunne ba, ya ce, "Ke dai mace ce, ɗinkinki kika sani." To, ɗinkin na sani. Ƙwarya in ta fashe a ɗinke ta, kai fa?

Ni na goye ka bayan rasuwar Mama, don haka ina da bakin magana. In an buge ka, ka fita ka zauna. Benci bai taɓa cin mutum ba.

Yayarka,
Jandira

Vila Aurora, jihar São Paulo, Disamba 1990

Yaya Jandira,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Baba, yaya ɗinki, yaya angon 'yarki? Ki yafe min rashin zuwa biki, muna tsakiyar gasa. Ni lafiya, sai ɗan ciwon kai da ba a rasa ba, da ɗinki a gira wanda ke da kin yi shi da ya fi kyau.

Na san kun ji a rediyo, amma bari in ba ki da bakina. Mun ci kofi! Kulob ɗinmu Operário ba ta taɓa cin komai ba tun da aka kafa ta, tsofaffi har kuka suka yi. Ana dab da hutun rabin lokaci wani ɗan gabansu ya sa min gwiwar hannu a gira, jini ya rufe min ido. Likita ya naɗe ni da bandeji kamar mai rawani. Shugaban kulob da kansa ya shigo ɗakin sa kaya ya dafa ni ya ce, "Kan Dutse, garin nan gaba ɗaya a goshinka yake yau." Wa zai ce a'a? Ana saura kaɗan a tashi muka samu bugun kwana, na hau sama na fi kowa, na buga ta cikin raga.

Ga abin dariyar: ban tuna ba. Wallahi Yaya, ina tuna shugaban yana dafa ni, sai kuma na gan ni a kan motar kashe gobara ana zagaya gari da mu, kofi a hannuna. Na tambayi na kusa da ni wa ya ci, suka yi ta dariya suna cewa, "Ji ɗan iska, so yake a sake yabonsa!" Sai washegari na ga ƙwallon a talabijin. Ta yi kyau ƙwarai. Kamar wani nake kallo.

Jaridu sun ce za a kira ni ƙungiyar ƙasa. Na jira, jerin ya fito, ba ni ciki. Ba komai, akwai masu nemana daga Portugal.

Sai babban labari. Akwai wata yarinya a gidan burodin da ke kusa da filinmu, Marlúcia. Ba ta san komai a ƙwallo ba, ta ce tsoron kallona take. Kin ga kun dace ke nan. Zan kawo ta ku gan ta kafin mu tafi.

Ki ba Baba hoton nan, ya sa a bangon zaure.

Vando

Lagoa do Meio, Yuli 1996

Vando,

Ina fata kuna lafiya kai da Marlúcia da 'yan biyu, a can Japan ɗin da ban san ko ta ina rana ke fito muku ba. Wayar kantin magani ba a jin komai, kuma rabin gari na tsaye suna saurare, shi ya sa nake rubuto maka abin da ban iya faɗa ba.

Baba bai sha wuya ba. Ranar Talata ya karya da dambun masara da madara, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta a ragar lilonsa. Na kawo masa gahawa na tarar ya tafi. Fadan coci ya zo, an yi masa komai yadda ya kamata. Yana kwance kusa da Mama. Mijina da maƙwabta ne suka ɗauki akwatin, kowa na tambaya ina Kan Dutse, ina cewa hanya ta yi nisa.

Ban riƙe ka a zuci ba. Na san ko tsuntsu ne kai ba za ka iso ba. Tun da ka bar ƙasar nan rediyo ya daina faɗin sunanka, amma duk Lahadi sai Baba ya kunna, ya ce wa ya sani ko za su ambace shi. Kwana kaɗan kafin rasuwarsa ya ce min, "In yaron nan ya gama yawonsa, ki ce ya zo ya gyara katangar baya da hannunsa, kada ya aiko da leburori."

Ka ce za ka zo da zarar an gama gasa. Ban sa dutse a kabarin ba, ina jira mu zaɓa tare.

Jandira

Vila Aurora, Nuwamba 2000

Yaya Jandira,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya yara, yaya jikoki? An samu ruwa? Mu lafiya. Gwiwa ce dai ke damuna in gari ya yi sanyi, sai kuma hasken rana da ba na so yanzu.

Na daina ƙwallo, Yaya. Gara ki ji daga gare ni.

Kin san tun dawowata daga waje ƙananan kulob nake bi, yau nan gobe can, a mota mai zafi, fili duk rami. A ƙarshe Operário ta ce in dawo gida in ƙarasa. Na yi murna. Yaran da ke buga mata yanzu suna ce min Kawu, wasu ma hotona ne a ɗakin iyayensu.

Wasan ƙarshe, mun dawo daga hutun rabin lokaci, na je na tsaya a wurina. Na ga golan bayana ba namu ba ne. Na ce masa, "Kai, me kake yi a gidanmu?" Ya ce, "Kawu, an juya fili." Alƙalin wasa ya zo ya kama hannuna ya tsallaka da ni kamar makaho. Filin da aka taɓa ɗaga ni sama, Yaya, shi ne ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Tsoho ya sha giyar rake tun da safe!" Wani ya jefo ɓawon lemo. Ni da ko a bikina ban sha ba. Koci ya cire ni, na zauna a benci, na tuna maganarki cewa benci bai cin mutum. Yana ci.

Ban koma ba. Sun ce za su shirya min wasan ban kwana, shiru har yau. Gajiya ce kawai, shekara goma sha shida ina tsalle. In na huta zan nemi aikin koyar da yara.

Ki gaishe min da Baba. Kada ki ba shi labarin dariyar nan, ki ce masa dai gwiwa ce. In batirin rediyonsa ya mutu kada ya damu da sayen wani, ba abin ji kuma.

Vando

Lagoa do Meio, Disamba 2000

Gilvandro,

Muna lafiya.

Na karanta takardarka ina kuka saboda abin da suka yi maka, har na zo layin ƙarshe, hawayen suka bushe.

In gaishe maka da Baba? Baba ya mutu, Gilvandro. Shekara huɗu ke nan yana cikin ƙasa. Na faɗa maka a waya, na rubuta maka. Sau biyu kana sa rana, sau biyu ina yanka kaza ina zuwa tasha in tsaya har motar ƙarshe ta sauke mutane. Ban yi ƙorafi ba, na ce aiki ne. Na sa dutsen ni kaɗai. Katangar ta faɗi.

Yanzu na gane. Ko dai takarduna ba ka buɗe su, ko kuma mun yi ƙanƙanta a idonka har ba ka riƙe wa ya mutu wa ke raye a cikinmu. Ko kuwa mutumin da ya yi ihu a filin nan gaskiya ya faɗa. Zaɓi wanda ka ga dama, duk ɗaya ne a wurina. Mutumin da ya rayu da rediyo a kunne saboda kai, ko mutuwarsa ba ta samu wurin zama a wannan kan naka na dutse ba.

Kada ka sake rubuto min sai ka zo ka durƙusa a kabarinsa.

Jandira

Vila Aurora, Mayu 2002

Yaya Jandira,

Gaisuwa. Yaya gida? An samu ruwa?

Kin yi shiru. Ko na yi miki laifi ne? In na yi ki faɗa min, kin san ni da ɓarna. Marlúcia ta ce na rubuto miki a watan jiya, ni dai ban ga amsa ba.

Mun ci kofi, kin ji? Akwai hoton. Ba su kira ni ƙungiyar ƙasa ba amma ba komai.

Jiya na fita sayen burodi, sun canza tituna duk, wani yaron kirki ya rako ni. An samu ruwa kuwa?

Ina son in zo gida. Ki rubuto.

Vando

Vila Aurora, Fabrairu 2003

Yaya Jandira,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da duk iyali. Marlúcia ce, matar ƙanenki. 'Yan biyu suna gaishe ki, sun shiga sakandare. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ki yi haƙuri da abin da kika gani.

Na daɗe ina son in rubuto. Da farko shi ya hana ni, ya ce kada a ɗaga miki hankali. Daga baya kunya ta hana ni, don ni ma na yi masa irin zargin da kika yi. Na sha shinshina bakinsa in ya dawo gida. Vando bai sha komai, Yaya. Ba shi da lafiya.

Tun muna Japan abin ya fara. Ya ajiye makulli a firji, ya kira yaro da sunan ɗan'uwansa. Zuwan da ya yi miki alkawari, na biyun har tashar mota ya je da jakarsa. Da yamma sai ga shi ya dawo. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Na tsaya a gaban mai tikiti, ya ce ina za ka, na rasa sunan garinmu." Ya zauna a bakin gado ya ce in na faɗa wa wani zai bar min gidan.

Bara na kai shi babban asibiti. Likitar ta nuna min hoton kansa ta tambaye ni ko ɗan dambe ne. Na ce ɗan ƙwallo ne. Ta ce sau nawa ya suma a fili? Na ce waɗanda na sani ko waɗanda shi ma bai sani ba? Ta ce ba magani, sai dai abin da zai sa ya yi barci, kuma gaba abin zai yi, ba baya ba. Shekararsa talatin da takwas, Yaya.

Wasu ranaku lafiya lau, ya share tsakar gida, ya yi wa yara barkwanci. Wasu ranaku ya yi fushi ba dalili. Ya taɓa fasa talabijin don ana nuna wasa bai ga kansa a ciki ba. Kulob ɗin sun aiko da riga mai sunansa, shi ke nan. A titi har yanzu yara kan ce, "Kan Dutse, buga mana ɗaya!" su jefo masa ƙwallo, shi kuma ya sa kai, yana murmushi. Ni ce mahaukaciyar da ke korar su da tsintsiya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne takardarki ta ƙarshe. Ban san da ita ba sai kwanan nan. Yana ɓoye ta a cikin tsohon takalmin wasansa. Na shigo na same shi zaune a ƙasa da ita a hannu yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Lúcia, Baba ya mutu. Me ya sa ba wanda ya faɗa min?" Na rungume shi har ya yi shiru. Bayan kwana biyu na sake samun sa a wurin, da takardar, yana cewa, "Lúcia, Baba ya mutu." Ban san sau nawa ya yi wannan makokin shi kaɗai ina wurin aiki ba. Na ɗauke ta, ya birkita gidan yana neman takardar Yayarsa, ya ce ita kaɗai ce ta rage masa daga gare ki. Dole na mayar.

Ba laifinki nake gani ba, Allah ya sani. Da ni ce a wurinki da na rubuta fiye da haka. Roƙona ɗaya: ki aiko masa da wata, ko layi biyu ne, in sa a takalmin a madadin waccan. Sunayen abokan wasansa duk sun tafi. Na yara yana zuwa yana tafiya. Naki bai taɓa ɓace masa ba, amma ban san har yaushe ba.

Ƙanwarki,
Marlúcia

Lagoa do Meio, Maris 2003

Marlúcia, ƙanwata,

Na samu takardarki. Ba ni da bakin gaisuwa, ki karɓi sannu kawai. Takardunsa na bara duk suna cikin akwatin keken ɗinki, ban buɗe ba saboda zuciya. Jiya na buɗe. Ko makaho ya shafa su ya san mai rubutun ba shi da lafiya.

Ki ƙona waccan. Ki sa wannan da ke ƙasa. Na bar wa 'yata ɗinkin mutane, na ce wa maigida ban san ranar dawowata ba. Ki shimfiɗa min tabarma ko a kicin ne. Kin yi naki ke kaɗai ya isa.

Vando, autana,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya ƙalau, kowa na gaishe ka. Ba ka yi min laifin komai ba. Aiki ne ya yi min yawa ban rubuto ba, ka yafe wa Yayarka.

Ina nan tafe wurinka. Zan hau motar ranar Alhamis, in iso ranar Asabar da rana. Kada ka fito kai kaɗai, ka jira Marlúcia ta rako ka tasha.

Na tsufa, kada ka nemi wadda ka sani. Kaina ya yi fari fat, na sa tabarau, na yi ƙiba. Zan sa jar riga, in riƙe buhun garin rogo a hannu. In ka duba ba ka gane ni ba, kada ka ji kunya, kada ka wahalar da kanka. Ka tsaya kawai inda kake. Ni zan gane ka.

Yayarka,
Jandira